Waiwaye: Daga nonon ɓera zuwa sankarar mama

Zargin cewa bairos na da hannu a sankarar mama ya faro ne daga ɓeraye. A 1936, John Bittner na cibiyar Jackson da ke jihar Maine a Amurka ya kwashe jariran ɓeraye daga zuri'ar da sankarar mama ta yi wa katutu, ya ba wasu uwaye masu lafiya suka shayar da su. Ciwon ya ragu ƙwarai. Ashe akwai wani abu a nonon uwar. Daga baya aka gane bairos ne, aka raɗa masa suna MMTV, wato bairos mai jawo ƙullutun mama a ɓera.

Sai a 1970 Howard Temin da David Baltimore suka gano dabarar irin wannan bairos: yana kwafe kansa cikin DNA na wanda ya kama. In ya faɗa cikin ƙwan haihuwa, shi ke nan, ya zama gado. Da aka fitar da taswirar ƙwayoyin halittar ɗan Adam a 2001, sai ga shi kusan kashi 8 cikin 100 ragowar tsoffin bairos ne. Yawancinsu sun lalace. Wani ma amfani yake mana, don da shi ake gina mabiyiya.

Rigimar ta yi zafi a 1995, lokacin da ayarin Beatriz Pogo na asibitin Mount Sinai a New York ya ce ya ga gutsuren DNA mai kama da na MMTV a kusan kashi 38 cikin 100 na ƙullutun sankarar mama na mata da ya auna. A Tunisiya an samu sama da kashi 70. Wasu ɗakunan bincike kuwa suka duba, ko ƙyallinsa ba su gani ba, har suka ce ƙila DNA na ɓera ne ya gurɓata samfurin. Ba raini ba ne: haka ta faru da bairos XMRV, wanda aka ɗora wa sankarar mafitsara ta maza (prostate) kafin zancen ya rushe a 2011.

Yanzu hankali ya fi karkata ga HERV-K, ɗaya daga cikin ragowar tsoffin bairos ɗin nan, ɗan uwan MMTV na nesa da kowa ke ɗauke da shi. Yana barci a lafiyayyen nono, yakan farka a mai sankara. A ganina nan ake yawan yin azarɓaɓi, don samun mutum a wurin gobara bai nuna shi ya kunna ta ba. Sankara kan kwance takunkumin da ke rufe bakin ƙwayoyin gado da dama, ba shi kaɗai ba.

Kada labarin Bittner ya tsorata mai shayarwa. A wajen mata, shayarwa rage haɗarin wannan ciwo take yi. Masu bincike dai suna gwada ko za a iya amfani da HERV-K wajen gano ciwon da wuri, ko a koya wa garkuwar jiki ta kai wa ƙwayoyin da ya farka a cikinsu hari.