Ma'anar "tinea incognito": makeron da ya ɓad da kama

Ɗalibin likitanci ba ya daɗewa bai haddace siffar makero ba. Zagaye ne kamar zobe, bakinsa ya ɗan tasa yana saɓa, tsakiyarsa ta washe, ga ƙaiƙayi. Matsalar ita ce wanda zai zo maka asibiti sau da yawa ya riga ya shafa wani abu kafin ya iso, zoben kuma ya tafi. Wannan shi likitoci ke kira tinea incognito.

Tinea kalmar Latin ce da ake kiran cututtukan fangas masu cin saman fata da gashi da farce. Incognito kuwa daga Italiyanci take, tana nufin wanda ba a gane shi ba. Likitoci biyu a Ingila, Ive da Marks, su suka raɗa sunan a 1968, lokacin da man shafawa mai sinadarin sitiroyid ya yawaita a hannun mutane. A Hausance, makero ne da ya ɓad da kama.

Jan da kake gani a bakin makero, da kumburin, da ƙaiƙayin, duk alamar garkuwar jiki ce tana faɗa da fangas. Sitiroyid ba ya kashe fangas, garkuwar wurin yake kwantarwa. Kwana biyu ko uku da fara shafawa sai ƙaiƙayi ya lafa, majinyaci ya ce ai ya dace da magani. Nan kuwa an ɗaure kare ne an bar kura a garke. Ƙwayar, wadda galibi Trichophyton rubrum ce, sai ta yi ta faɗaɗa ba mai tare ta. Ranar da ya daina shafawa abin ya taso da ƙarfi, ya koma ya sayo wani bututun. Haka wasu ke kwashe watanni.

Abin da zai iso gabanka faffaɗan tabo ne mara iyaka tsayayya, saɓar ta ragu, wani lokaci da ƙananan ƙuraje masu mugunya. Idan ƙwayar ta bi ramin gashi ta nutsa, za ka ji ƙulalai a ƙarƙashin yatsanka. Fatar kan yi laushi ta sirance, har nanƙarwa ta fito a matsematsi ko hammata. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, duhun wurin kawai za ka lura da shi. Nan ne ake tafka kuskure: a ce kirci ne, a ƙara rubuta sitiroyid mafi ƙarfi.

A ganina, tambaya ɗaya ta fi dogon kallo amfani: "Me kika shafa, Hajiya? Ko kin zo da bututun?" Karanta rubutun jikin bututun da kanka, domin akwai mayuka masu haɗa sitiroyid irin su clobetasol ko betamethasone da maganin fangas a wuri guda, mai shi kuma bai sani ba. Sannan ka sa a cire takalmi. Tsakanin yatsun ƙafa da farce kan tona asirin da fuska ko cinya suka rufe. Tabon da ya tsaya a ɓangare ɗaya na jiki shi ma abin zargi ne, don kirci ya fi son ɓangarori biyu.

Sai kankarar fata don gwaji. Da bakin aska ka kankaro saɓar daga gefen tabon, ba tsakiya ba, ka ɗora a gilashi, ka ɗiga ruwan sinadarin KOH (potassium hydroxide) mai ƙarfin kashi 10 zuwa 20. A madubin likita za ka ga siraran zare masu rassa, kuma a irin wannan makeron sukan yi yawa.

Magani yana farawa da dakatar da sitiroyid, tare da yi wa majinyaci gargaɗin cewa ƙaiƙayi zai iya tsananta a makon farko, kada ya ɗauka kai ka ɓata masa fata. Maganin fangas na shafawa kaɗai ba ya cika wadatarwa idan abin ya bazu ko ya shiga ramin gashi. Ga babba akan ba da maganin sha, terbinafine, miligiram 250 kullum na mako 2 zuwa 4, bayan an tambayi lafiyar hanta. Nystatin, wani maganin fangas, ba ya aiki a kan wannan ƙwayar. Idan terbinafine ya gaza, ka tuna da Trichophyton indotineae, wadda aka ba suna a 2020 bayan ta bazu a Indiya, ta kuma kai Turai da Amurka. Mai ɗauke da ita maganin itraconazole aka fi ba shi, kuma jinyar ta fi tsawo.