Mece ce MOA, kuma me take nuna wa mai ɗura harsashi da hannu?

Masu harbin gasa da ke ɗura harsashinsu da kansu, su zuba albarushi a kwanso su dasa kan harsashi, ba sa rabuwa da haruffa uku: MOA, wato "minute of angle" a Turanci. Ma'aunin kusurwa ne, kashi ɗaya cikin 60 na digiri guda. A nisan yadi 100 faɗinsa inci 1.047 ne, shi ya sa ake cewa inci ɗaya a wuce wurin. A mita 100 kuwa kusan santimita 2.9 ne. Da yake kusurwa ce, nisa na ƙaruwa tana buɗewa: kusan inci 2 a yadi 200, inci 3 a yadi 300.

Don auna watsuwar harbi da MOA, ana saita wuri guda a takarda a yi ta harbi, sai a auna tsakanin huji biyu da suka fi nisa da juna, daga tsakiya zuwa tsakiya. In aka samu inci 2 a yadi 100, kusan MOA 2 ke nan. Ba ruwan awon da ko an samu tsakiyar takarda, wannan aikin gyaran saiti ne.

Lambar tana nuna yawan watsuwa, amma ba ta nuna mai laifi, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Da an ga huji ya warwatse sai a tsargi albarushi, alhali sau da yawa noti ne ya saki a mazaunin madubin hange, ko bututun bindiga ya yi zafi, ko hannun maharbin ne ke fizgar kunama. Gara a ɗaure notuna, a bar bututu ya huce, a gwada harsashin kamfani da aka san halinsa. In shi ma ya watse, a ƙyale ɗurin tukuna.

Harbi uku kuwa yaudara ce, sa'a kaɗai na iya haɗa su. Biyar ko goma, a maimaita, shi ne awo.

Tsarin hujin ma yana magana. In ya jeru daga sama zuwa ƙasa, musamman a nesa, ana zargin bambancin gudu tsakanin harsasai, kuma na'urar auna gudu ce ke raba gardama. In ya bazu hagu da dama, a fara tuhumar iska. In hujin ya fito dogo maimakon zagaye, kan harsashin a karkace ya isa, galibi don murɗin cikin bututu, wanda ke sa harsashi juyawa, bai isa ya daidaita mai tsawo irinsa ba.

Sai an kawar da waɗannan ake taɓa ɗurin, abu ɗaya a lokaci guda, ana rubutawa, ba tare da wuce iyakar albarushin da littafin ɗuri ya tsayar ba.