Waiwaye: tun yaushe aiko sassan bindiga daga waje ya zama laifi?

Duk lokacin da aka nuno jami'an tsaro sun baje bindigogi a ƙasa, wasu ƙirar waje wasu haɗin gida, sai gardama ta tashi a guruf-guruf na WhatsApp da teburan mai shayi a nan Jos, daga Gangare har Rikkos. Wasu su ce ai mafarauci ko manomin da ke da lasisin bindigarsa, in wani ƙarfe ya karye a ciki, me zai hana ƙaninsa da ke Amurka ya saya ya jefa masa cikin kago tare da turare da takalma, tunda a can a shago ake sayarwa? Wasu kuma su ce wai kwanan nan aka tsaurara saboda 'yan bindiga. Dukansu suna magana kamar jiya aka ƙirƙiro dokar, alhali abin ya girmi da yawa daga cikin masu gardamar.

Na farko-farkon kowa ya ɗan ji. A 1890 ƙasashen Turai sun zauna a Brussels suka taƙaita shigo da bindigogin zamani yawancin Afirka, shi ya sa kakanninmu suka daɗe da bindigar toka. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ce, ita ta raba su gida uku, wadda sai da izinin shugaban ƙasa, da ta farauta da ake neman lasisinta wajen 'yan sanda, da harbi-ka-ruga, kuma tun a lokacin ta ce sashen bindiga ma bindiga ne. Yaƙin basasa ya ƙare a 1970 ya bar makamai a hannun mutane. A ranar 31 ga Oktoba 1998 shugabannin ECOWAS suka sa hannu a Abuja kan dakatar da shigowa da fitarwa da ƙera ƙananan makamai, a 2006 aka mayar da ita cikakkiyar yarjejeniya, ta fara aiki a 2009. Sai rushewar Libiya a 2011, sai bindigogi 661 da kwastam suka kama a Legas a Janairun 2017. Yawanci a nan masu sharhi ke tsayawa.

Amma akwai wata rana da ban cika jin ana ambata ba, 31 ga Mayu 2001. In ka ce wa mutumin Jos 2001, 7 ga Satumba zai tuna, ranar da garin nan ya kama da wuta, kwana huɗu bayan nan kuma aka kai harin New York duniya ta koma can gaba ɗaya, to wa zai tuna da takardar da aka amince da ita a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya wata uku kafin nan? A ranar ce aka amince da yarjejeniyar hana ƙera bindigogi da safararsu ba bisa ƙa'ida ba, kuma a cikin sunanta ma an rubuta "da sassansu da harsasai". Ta fara aiki 3 ga Yuli 2005.

Ita ce ta zauna ta lissafa abin da ake nufi da sassa, ɗaya bayan ɗaya: bututun da harsashi ke fita, gangar jikin da komai ke ɗaure a kai, abin da ake ja baya a ɗana, kwanon da ke juyawa a ƙaramar bindiga, makullin da ke toshe harsashi ta baya, har da abin rage ƙara. Sannan ta kafa tsarin da har yau shi ake bi, wato ƙasar da kayan zai fita ba za ta ba da lasisin fitarwa ba sai ta tabbatar ƙasar da zai shiga ta riga ta ba da izinin shigowa, in kuma zai ratsa wata ƙasa a hanya ita ma sai ta rubuta cewa ba ta da ja. Takarda biyu ke nan a ƙalla, wani lokaci uku, a kan ƙarfen da zai shiga aljihun riga. Wanda bai bi wannan ba, ko da ɗan'uwa ne ya aiko wa ɗan'uwansa kyauta, sunan abin da ya yi safara.

To ga inda nake ganin gizo ke saƙa. Yarjejeniyar ta wajabta buga lamba a jikin bindiga tun daga masana'anta don a iya bin sawunta, amma wajabcin a kan bindigar ya tsaya, bai bi kowane sashe ba. Wajen ajiye rajista ma ta ce a riƙe bayanan bindigogi aƙalla shekara 10, su kuwa sassa da harsasai sai inda ya dace kuma zai yiwu. Ka ga an yarda sashe na da haɗari har an sa masa lasisi, amma an bar shi yana yawo babu lamba. Jami'in da ya kama cikakkiyar bindiga zai iya karanta lambarta a tambayi ƙasar da ta ƙera ta wa aka fara sayar wa, wanda ya tsinci bututu shi kaɗai cikin kwalin kayan gyaran mota fa, wa zai tambaya? Kamar a ce babur sai da lamba amma injinsa da firem ɗinsa kowa ya kwasa, duk wanda ya san kasuwar kayan gyara ta Dilimi a nan Jos ya san a rana ɗaya za a tayar da wani babur ɗin.

Kuma a 2001 ɗin waɗanda suka rubuta yarjejeniyar, kwantena suke hange da jiragen ruwa da dillalan da ke hulɗa da gwamnatoci. Sayayya ta intanet tana jaririya, kasuwancin kago na ƙananan kwalaye da yanzu kowace unguwa ke da mai yi bai kai haka ba. Ciniki ya koma ƙananan ƙunshi dubbai, ƙa'idar kuma ta manyan kaya ce, ni a ganina daga nan ramin ya faro, tun kafin Libiya. Mu a Filato abin ya fi shafar mu saboda akwai gwanayen ƙira da walda, kuma abin da ya fi ba maƙeri wuya shi ne sashen da ke jure ƙarfin fashewar harsashi, in ya samu na masana'anta sauran aikin mai sauƙi ne, wallahi abin na damuna duk sanda na ga irin waɗannan bindigogin rabi-da-rabi a hoto.

Abin da ya biyo baya duk ƙoƙarin cike wannan ramin ne. Yarjejeniyar cinikin makamai ta 2013, wadda Najeriya ce ta fara tabbatar da ita a Afirka, ta sa sassa a ƙarƙashin kulawa in an fitar da su ta yadda za a iya harhaɗa makami. Tarayyar Turai a 2017 ta ce a riƙa buga lamba a kan kowane muhimmin sashe. Amurka ba ta cikin yarjejeniyar 2001, tana da nata dokokin tun 1976, kuma a can gangar jikin ce doka ke kira bindiga, shi ya sa mutum zai sayi bututu ko kunamar bindiga ba tare da an bincike shi ba, wannan ne ke ruɗin 'yan'uwanmu. Saye a cikin gida daban, fitarwa daban. Tun 9 ga Maris 2020 lasisin fitar da yawancin bindigogin farar hula da sassansu ya koma ma'aikatar kasuwanci daga ta harkokin waje, amma lasisin yana nan, kuma wanda ya fitar da gangan babu shi zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 20.

A nan gida an kafa cibiyar kula da ƙananan makamai a Abuja a 2021, dokarta ta samu sa hannu a 2024. Mafaraucin da bindigarsa ta lalace dai har yanzu hanyarsa ita ce dillali mai rajista da izinin shigowa, ƙaninsa kuma sai da lasisin can kafin ya rufe kwali, kuma mai kagon da ya karɓa bai duba ba shi ma zai amsa tambayoyi in an buɗe a filin jirgi.