"Cult" a bakin masu sharhin fim: ba matsafa ake nufi ba

Ranar Asabar ina cikin a-daidaita-sahu, direba ya ƙure rediyo, wani mai gabatar da shirin fina-finai yana karanto labarin wani tsohon fim ɗin Amurka. Takardar da ke gabansa ta ce fim ɗin "cult classic" ne. Sai bawan Allah ya fassara mana da cewa shahararren fim ne na ƙungiyar asiri, har ya ƙara da jan kunnen iyaye. Wani dattijo da ke gefena ya ja carbi ya ce a'uzubillahi.

Ban ga laifin mai shirin sosai ba. A Najeriya wannan kalma ta riga ta yi baƙin jini. Da an ambace ta, abin da ke zuwa a rai shi ne samarin jami'a da gatari, ko rantsuwa da jini cikin dare, ko fina-finan kudu irin Living in Bondage na 1992, inda magidanci ya sadaukar da matarsa don ya yi kuɗi. To amma idan masu sharhin fim suka ce "cult", ba labarin da ke cikin fim ɗin suke siffantawa ba. Masu kallonsa suke nufi.

Asalin kalmar daga Latin take, cultus, wadda ta fito daga colere, wato nome gona da ɗawainiya da ita. Daga hidimar gona aka ɗauke ta zuwa hidimar abin bauta, daga nan kuma zuwa duk wani abu da 'yan tsirarun mutane suka ƙwallafa rai a kansa. Tana kama da "kula" tamu, amma ba dangin iya ba na baba, kama ce kawai ta baki. Mu ma muna da kalmarmu da ta fi kowace fassara dacewa: 'yan ga-ni-kashe-ni. Fim ɗin "cult" shi ne wanda jama'a suka wuce ba su kalla ba, ko suka kalla suka yi tsaki, amma wasu ƙalilan suka riƙe shi gam shekara da shekaru, suna maimaita kallo, sun haddace maganganun ciki, suna yi wa duk wanda ya tsaya tallarsa.

Fim ɗin da mai shirin nan ya tsorata dattijo da shi, The Little Shop of Horrors ne na 1960. Babu matsafi ko ɗaya a ciki. Roger Corman, wanda ya rasu a 2024 yana da shekara 98, shi ya shirya shi da abin da bai wuce kusan dala dubu 30 ba, kuma ya ɗauki yawancinsa cikin kwana biyu da dare ɗaya, a ɗakunan da suka rage daga wani fim ɗinsa na baya kafin a rushe su. Hoton ma baƙi da fari ne. Labarin wani yaron shagon furanni ne a unguwar talakawa ta Los Angeles, sunansa Seymour, irin sakaran nan da komai ya taɓa sai ya fashe. Yana da wata shuka da ta ƙi girma, sai ranar da ya soke yatsa jini ya ɗiga mata. Daga nan ta fara ƙiba, ciniki ya buɗe wa maigidansa, ita kuma ta fara magana, ba ta da zance sai a ba ta abinci. Jinin yatsa ya daina isarta.

A takarda labarin tsoro ne. A ido kuwa, shukar kowa ya san da hannu aka haɗa ta, bakinta na buɗewa kamar murfin akwati. Akwai wata tsohuwa da kullum tana shagon sayen furannin jana'iza domin danginta ba sa gajiya da mutuwa. Akwai mai sayen fure ya tsaya nan a gabanka ya cinye. Akwai wani saurayi da ya je wurin likitan haƙori don yana jin daɗin zafin cire haƙori, kuma wannan saurayin Jack Nicholson ne tun duniya ba ta san shi ba. Mutuwa ake yi wa dariya, shi ne abin da Turawa ke kira baƙin barkwanci. Wanda ya taso da tatsuniyar Dodo da Gizo bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba, mun sha yin dariya a daidai inda ake shirin cinye wani.

Corman kansa bai ɗauki fim ɗin a bakin komai ba, ko haƙƙin mallakarsa bai tsaya ya kare ba, ya zama na kowa. Wannan sakacin ne ya raya shi. Gidajen talabijin suka riƙa cike gurbin tsakar dare da shi, marasa barci suka yi ta cin karo da shi suna ba juna labari. A 1982 aka mai da shi wasan daɓe na waƙoƙi a New York, a 1986 aka sake yin fim ɗin da miliyoyin daloli.

Na taɓa kunna shi a majalisarmu a kan kwamfuta, mu goma sha ɗaya. Kafin a yi rabin awa mutum biyar sun tuna suna da uzuri. Ɗaya ya ce ko jikansa ba zai ji tsoron wannan kabewar ba. Wani ya ce shi dai a gaya masa, dariya ake so ya yi ko tsoro, don bai ga ko ɗaya ba. Wani kuma ya ɓata rai da gaske, ya ce wasa da gawa ba abin wasa ba ne, kuma ban ce ya yi kuskure ba. Mu uku muka kai ƙarshe, inda furannin suka buɗe da fuskokin waɗanda shukar ta haɗiye. Ra'ayin masu kallon irin wannan fim haka yake tafiya ko'ina, da wuya ka ji mai cewa ba laifi. Ko dai a ce shirme ne, ko a ce ba a taɓa yin kamarsa ba, kuma sau da yawa abu ɗaya suke nunawa da yatsa.

Kuskuren mai rediyo ma mai sauƙi ne. Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na masu ganin sun iya Turancin. Fim ya fito ranar Juma'a, Litinin an rubuta a Facebook cewa ya zama "cult classic". Yaushe? Wa ya riƙe shi? Ba furodusa ke ba fim wannan suna ba, ba kuma mai talla ba, sai an ga shekaru sun shuɗe akwai masu nemansa har yanzu. Wasu kuma sun mai da kalmar zanen rufe katara: sauti ya lalace, 'yan wasa ba su iya ba, labari ba kai ba gindi, sai a ce ai da gangan ne, mu ne ba mu gane ba. Rashin kuɗi ba ya ba fim 'yan ga-ni-kashe-ni. Corman ya yi fina-finai masu arha birjik, galibinsu sun bi ruwa, wannan ya tsira ne don wanda ya rubuta shi, Charles Griffith, ya iya sa magana a bakin mutane. Shi ne ma ya yi muryar shukar.

Cikin mu ukun nan, ɗaya har yau idan mai shayi ya yi jinkirin kawo masa indomi, sai ya buɗe hannuwa biyu kamar bakin shukar ya ja murya yana neman abinci. Mu biyu mu fashe da dariya, sauran takwas su bi mu da kallo.