Me lambar IP65 ke nufi a jikin akwatin lantarki, kuma yaushe take daina aiki?

Galibin akwatin lantarki na masana'anta, wato wanda ake jera masu yanke wuta da na'urorin sarrafa injuna a cikinsa, za a ga an buga masa haruffa biyu da lambobi biyu: IP54, IP65, IP66. Wannan alama, mai nuna yadda akwatin ke hana abubuwa irin su ƙura da ruwa shiga cikinsa, ta fito ne daga ƙa'idar IEC 60529, wadda hukumar IEC mai tsara ƙa'idojin lantarki ta duniya, da ke birnin Jeniba, ta fara fitarwa a 1976. Bugun da ake aiki da shi yanzu na 1989 ne, an yi masa gyara a 1999 da 2013. Ita kanta ƙa'idar ba ta tilasta wa kowa. Tana zama wajibi ne idan dokar ƙasa ko takardar kwangila ta ambace ta, kuma kwangilar haɗa akwati takan ambata.

Lamba ta farko ta hana shigar abin da ba ruwa ba ce, kamar yatsa ko ƙura, daga 0 zuwa 6. Idan 2 ce, abin da kaurinsa ya kai milimita 12.5 ba zai shiga ba, wato yatsa ba zai taɓa wuta ba. Lamba 3 milimita 2.5 ce, 4 kuma milimita 1. Inda ake yawan rikicewa shi ne tsakanin 5 da 6. Dukansu ana gwada su a ɗakin da ake tayar da hoda mai laushi, kilo 2 a kowace mita ɗaya ta faɗi da tsawo da zurfi, har tsawon awa 8, galibi ana zuƙe iskar cikin akwatin don a jawo hodar. A lamba 5 an yarda ƙura ta ɗan shiga muddin ba za ta hana kayan aiki ba. A lamba 6 ko ƙwaya ba a yarda a gani ba.

Lamba ta biyu ta ruwa ce. Daga 1 zuwa 4 ɗiga ne da yayyafi da fantsama. A 5 ana feshe akwatin da tiyo mai baki milimita 6.3, lita 12.5 a minti, daga nisan mita 2.5 zuwa 3, aƙalla minti 3. A 6 bakin tiyon milimita 12.5 ne, ruwan kuma lita 100 a minti. A 7 ana nutsar da shi cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Lamba 8 ba ta da tsayayyen zurfi: mai ƙerawa da mai saye ne ke daidaitawa, sharaɗin kawai ya zarce na 7, saboda haka IP68 da ba a rubuta mita da lokaci a gefenta ba rabin bayani ce. Lamba 9, wadda gyaran 2013 ya shigo da ita, feshin ruwan zafi ne mai digiri 80 da matsi mai tsanani, irin wankin da ake yi a masana'antun abinci. Harafin X kuwa, kamar a IPX4, yana nufin ba a bayyana sakamakon wannan ɓangaren ba.

Mutane da yawa sun ɗauka IP67 ta fi IP66 ta kowace fuska, alhali ƙa'idar ba ta ce haka ba. Lambobin ruwa suna haɗiye na ƙasa da su ne zuwa 6 kawai. Akwatin da ya jure nutso na iya gazawa a feshi, domin ruwan da ke kwance yana danne robar da ke toshe bakin ƙofa ne a hankali, shi kuwa na tiyo yana dukan gefenta ya ɗaga ta. Wanda ke son duka biyun sai ya nemi akwatin da aka rubuta masa IP66/IP67.

Abu mafi muhimmanci ga mai haɗa akwati shi ne, lambar da kamfani ya buga ta akwatin da aka gwada ce, a rufe, babu huda ko ɗaya. Da zarar an huda shi an saka maɓalli ko fanka ko an shigar da kebul, darajar akwatin ta koma ta abin da ya fi rauni a jikinsa. Akwatin IP66 da aka sa wa fanka mai matata ta IP54 ya zama IP54, ko da tambarin farko na nan a manne. Alhakin lambar ƙarshe na kan wanda ya haɗa, kuma ƙa'idar IEC 61439 ta haɗaɗɗun akwatuna ce ke binsa.

Ruwa ya fi shiga ta mashigar kebul. Kowane zoben matse kebul yana da iyakar kaurin da zai iya kamawa. Idan kebul ya yi masa siriri, ko an ɗaure notin har ƙarshe akwai sauran kafa. Idan aka cusa waya biyu a zobe mai rami ɗaya, tsakaninsu hanya ce. Haka nan wanda ya manta robar da ke tsakanin zoben da bangon akwati, ko ya bar ramin da bai yi amfani da shi ba ya liƙe da tef maimakon marfin toshewa mai lamba daidai da ta akwatin. Shi ya sa ake shigar da kebul ta ƙasa, in kuma dole ta gefe ne, a bar shi ya ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ya shiga, don ruwan da ke bin jikinsa ya ɗige a waje. Sai robar ƙofa: tana aiki ne idan ta matsu daidai ko'ina. Doguwar ƙofa mai makulli ɗaya a tsakiya takan buɗe baki a kusurwoyi, kuma akwatin da aka ɗaure a bangon da bai miƙe ba yakan murɗe har ƙofar ta daina zama.

Akwai kuma ruwan da ba daga waje ya zubo ba. Akwatin da ke cikin rana yana zafi, iskar cikinsa ta kumbura ta fita. Da dare ko in ruwan sama ya sanyaya shi, sai ya zuƙo iska mai laima, ta zama raɓa a jikin ƙarfe, ta taru a ƙasa ba ta da mafita. A nan akwatin da ya fi rufuwa ya fi shan wahala. Maganinsa ɗan marfin numfashi mai barin iska ta wuce ya tare ruwa, da ƙaramar hita mai kunna kanta idan laima ta yi yawa, da rumfa a sama. Ƙa'idar IP ba ta ɗauki raɓa a matsayin shigar ruwa ba.

Ba ta kuma ce komai game da tsatsa ba, domin da ruwan daɗi ake gwajin. Kusa da teku ko inda ake wanki da sinadari, zaɓin ƙarfe ne ke magana, inda ƙarfe mai jure tsatsa nau'in 316L ya fi nau'in 304 jure gishiri. Juriyar duka tana da lambarta daban, IK, a ƙa'idar IEC 62262: IK08 jul 5 ne, IK10 jul 20 (jul ma'aunin ƙarfin dukan ne). Wuraren da ke da iskar gas mai fashewa na ƙarƙashin IEC 60079. Wanda zai aika kaya Amurka kuwa zai tarar da tsarin NEMA 250, mai nau'o'i kamar 3R da 4 da 4X da 12, wanda ya haɗa da gwajin tsatsa da ƙanƙara. Ana iya cewa akwatin nau'in 4X ya cika sharaɗin IP66, amma ba a iya juya maganar a kira akwatin IP66 nau'in 4X sai an yi masa waɗancan gwaje-gwajen.