Tsara rawa a matsayin binciken jami'a

Tsara rawa a matsayin bincike hanya ce ta nazari a sassan rawa da wasan kwaikwayo na jami'o'i. Ɗalibi ne yake ƙirƙiro sabuwar rawa, ya koya wa 'yan rawa, ya nuna ta a dandamali, a ba shi maki a kanta kamar yadda ake ba wa kundin digiri. Rawar ita ce ainihin sakamakon binciken. Rubutun da ke rakiyarta bayani ne na yadda aka kai gare ta.

Asali

Jami'ar Wisconsin ta Amurka ce ta fara buɗe fannin digiri a rawa, a 1926, ƙarƙashin Margaret H'Doubler. A Afirka ta Yamma, Jami'ar Ghana da ke Legon ta yi fice: a 1962 aka kafa ƙungiyar rawa ta ƙasar a Cibiyar Nazarin Afirka, J. H. Kwabena Nketia na kula da kiɗa, Albert Mawere Opoku na tsara rawa. Aikin Opoku shi ne ɗauko raye-rayen garuruwa ya sake musu zubi don dandamali. A Ingila kuwa, wani shiri da Jami'ar Bristol ta gudanar daga 2001 zuwa 2006 ya taimaka wajen sa jami'o'i su yarda cewa wasan da aka yi a gaban jama'a yana iya zama bincike.

Tambayar bincike

Nan mafi yawan ayyuka suke lalacewa tun ba a taka ko sau ɗaya ba. Ɗalibi zai ce zai yi rawa "a kan talauci" ko "a kan zaman lafiya". Wannan jigo ne kawai, kuma ƙarshensa kwaikwayo da hannu: a riƙe ciki a nuna yunwa, a rungumi juna a nuna sulhu. Tambaya mai amfani ita ce wadda jiki kaɗai zai iya amsawa.

Ga misali da Takai, rawar ƙabilar Dagomba ta arewacin Ghana. Maza ne suke kewayawa a da'ira da manyan taguwoyi, kowa riƙe da sandar ƙarfe, ya juya ya buga da na gabansa, ya sake juyawa ya buga da na bayansa. A fili, 'yan kallo sun zagaye su ta ko'ina. A dandamali kuwa ta gefe guda ake kallo, rabin 'yan rawar sun ba jama'a baya. In aka buɗe da'irar don a ga fuskoki, mutum biyun da ke bakin layi sun rasa abokin bugu a gefe ɗaya, ƙarar ƙarfen ta sami giɓi. Yaya za a cike giɓin ba tare da an kashe rawar ba? Wannan tambaya ce, kuma sai an tashi an gwada ake samun amsarta.

Aiki a ɗakin bita

A matakin digiri na farko rawar ba ta cika yin tsawo ba. Masu sana'ar kan ƙiyasta cewa kowane minti na rawar da aka kammala yana cin aƙalla awa guda na bita, don haka zangon karatu ɗaya ba shi da yalwa. Kowace bita ana fara ta da ɗumama jiki na minti 15 zuwa 20. Daga nan mai tsarawa ya ba 'yan rawa ƙa'ida su lalubo motsi da kansu, misali "ƙetare ɗakin ba tare da diddige ya taɓa ƙasa ba". Abin da ya yi kyau a ware shi ya zama ƙwayar taku, a sarrafa ta: a rage mata sauri, a yi ta da baya, a mayar da ita daga ƙafa zuwa kafaɗa, ko a sa mutum uku su fara ta a lokuta daban-daban.

A tsakiyar zango ana nuna abin da aka samu ga malamin da ke duba aikin da sauran ɗalibai. Sassa da dama na bin tsarin Liz Lerman, wata mai tsara rawa 'yar Amurka, mai matakai huɗu: 'yan kallo su faɗi abin da ya tsaya musu a rai, mai aikin ya yi tambayoyinsa, su ma su yi tambayoyin da ba hukunci a ciki, sannan a ba da ra'ayi in ya amince. Amfaninsa shi ne hana malami sake tsara rawar da bakinsa.

Adana hujja

Rawa tana ƙarewa ta ɓace, alhali mai jarrabawa na waje yana buƙatar abin dubawa. Ana ajiye littafin bita mai kwanan wata, a rubuta abin da aka gwada da dalilin watsar da shi. Ana kafa kyamara ɗaya daga nesa ta ɗauki dandamalin gaba ɗaya. Mai ɗauka da ke bin fuskoki yana yanke ƙafafu, kuma a ƙafafun aikin yake. Wasu na ƙarawa da rubutun Laban, wato tsarin rubuta motsin jiki da alamomi, wanda Rudolf Laban ya fitar a 1928. Layuka uku ne a tsaye, ana karanta su daga ƙasa zuwa sama, na tsakiya ya raba dama da hagu. Siffar alama tana nuna inda aka nufa, tsawonta tsawon lokaci, baƙa kuma tana nufin a yi ƙasa. Yana kama taku daidai, amma rubuta kaɗawar ƙugu da ƙirji a lokaci guda aiki ne mai cin rai.

Matsaloli

Daɓen siminti ba ya lotsawa, duk nauyin dira a gwiwa da idon sawu yake sauka, shi ya sa ake son daɓen katako mai sarari a ƙarƙashi. 'Yan rawar ɗalibai ne masu nasu jarrabawar, in ɗaya ya janye saura mako biyu dole a sake rabon wurare, don haka ake koya wa mutum ɗaya na daban rawar tun farko, ya maye gurbin wanda ya janye. Wanda ya yi bita da faifai ya kawo makaɗa ranar wasa zai sha mamaki, domin makaɗi yana bin ƙafar mai rawa, faifai kuwa ba ya jiran kowa. Akwai kuma batun izini: na mai kiɗan da aka ara, na 'yan rawa kafin a sa hotonsu a intanet, da na al'ummar da aka ɗauko takunta, musamman in rawar ta ibada ce ko ta fada.