Masu jinyar dattawa, ku daina cewa "tsufa ne"

A ɗakin da muke kwantar da masu ciwon daji, kusan kowane mako nakan tsaya gaban gadon wani dattijo in tambaye shi ko yana iya miƙewa daga kujera ba tare da an kama shi ba, amma kafin ya buɗe baki ɗansa ya riga ya amsa mini da cewa, "Alhamdu lillahi, da sauƙi, tsufa ne kawai." Wannan amsa tana ɓata mana aiki ƙwarai.

Na san kunya da ƙaunar mahaifi ne suke sa ku faɗi haka. Sai dai ciwon daji yana cin tsokar jiki, kwanciyar asibiti kuma tana ƙara cin ta, kuma dattijon da tsokarsa ta zube ya fi shan wahalar allurar kashe ƙwayoyin daji, ya fi daɗewa bai farfaɗo daga tiyata ba. Sikeli ma yakan yaudare mu idan ƙafa ta kumbura ko ruwa ya taru a ciki. Shi ya sa muke tambayoyi biyar: ko yana iya ɗaukar kaya mai nauyin kusan kilo 5, ko yana ratsa ɗaki da ƙafarsa, ko yana tashi daga kujera, ko yana hawa matakala 10, da kuma sau nawa ya faɗi a shekarar da ta wuce. Bayan haka mukan auna kaurin sharaɓarsa da ƙarfin damƙar hannunsa. Idan kuka rufe mu da "tsufa ne", da me za mu kama bakin zaren?

Ku ne kuka ga lokacin da Baba ya koma yin salla a zaune, ku ne kuka ga zoben Hajiya ya fara zamewa daga yatsarta. Tsufa ba ya yin wannan ɓarna cikin wata uku, saboda haka don Allah ku faɗa mana.

Ku bar majinyaci ya amsa da bakinsa. Duk wanda ya rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata 6, a sanar da likita. Koko zalla ba ya gina jiki, a haɗa masa da ƙwai, alale, kifi, awara ko kindirmo, amma mai ciwon ƙoda a fara tambayar likita. Idan an ba shi izinin tashi, ku riƙe hannunsa ya taka ko da zuwa bakin ƙofa ne, kowace rana.